Daga Harsashi Zuwa Mari: Yadda Kaboyin Italiya Ya Rikiɗe Ya Koma Barkwanci

Wani mutum ne tafe a ƙafa cikin taɓo, sirdi a kafaɗa, babu doki, yana jan akwatin gawa da igiya. Haka fim ɗin Django na 1966 ya buɗe. Kana zaune kana ta saƙe-saƙen wanda ke cikin akwatin nan, matarsa ce ko ɗan'uwansa, har zuwa lokacin da Manjo Jackson ya shigo gari da gomman mayaƙansa masu rufe fuska da jan ƙyalle. Sai gogan naka ya ɗaga murfi, ya ciro wata ƙatuwar mashinga, ya rungume ta kamar mai riƙe da tiyon ban ruwa, ya share titin tas. Idan ka ƙura ido za ka ga jigidar harsashin ko motsi ba ta yi, amma wuta na ta fita. Babu alamar abin ya dami daraktan, Sergio Corbucci.

Me ake so mai kallo ya yi a nan, ya razana ko ya tuntsire da dariya? Fim ne da hukumar tace finafinai ta Ingila ta hana shi takardar izini har zuwa 1993 saboda tsananin ta'asar da ke ciki, wadda ta haɗa da yanke wa mutum kunne a tura masa a baki. Duk da haka da wuya ka kalli fitowar mashingar nan ba ka yi ƙyaƙyaci ba. Akwai maganar da masu sharhi suka saba yi, wai finafinan kaboyin Italiya sun fara da gaske ne, sai 'yan barkwanci suka shigo a 1970 suka lalata su. Ni ban yarda da wannan lissafin ba. Dariyar tana nan tun ranar farko, a naɗe cikin wuce gona da irin da aka gina sana'ar a kai.

Mutane da dama da suka taso suna kallon abin da muke kira fim ɗin kaboyi sun ɗauka duk daga Amurka yake zuwa. Wani babban kaso ba daga can ba ne. Tsakanin 1964 da ƙarshen shekarun 1970 an yi irin waɗannan finafinai kusan 500 a Turai, akasarinsu da kuɗin Italiyawa da daraktocinsu, wani lokaci da haɗin gwiwar Sifaniya da Jamus ta Yamma. Hamadar da kake gani kana zaton Texas ce ko iyakar Meziko, yawanci hamadar Tabernas ce a lardin Almeriya na kudancin Sifaniya. Cikin mashaya da ofishin ɗan doka kuwa a situdiyoyin birnin Rum aka kafa su, irin su Cinecittà da Elios. Masu suka daga waje ne suka laƙaba musu sunan taliya don shaguɓe, wato kaboyin sufageti, sunan kuma ya bi su.

Talauci ne ya fara koya musu salo. Kafin kaboyi, abin da ke kawo kuɗi a Italiya shi ne finafinan ƙarfafan mazajen zamanin da, irin su Hercules, masu ɗaga dutse da karya sarƙa. Wajen 1964 kasuwarsu ta mutu, ta bar ɗimbin ma'aikata, masu dawaki da 'yan ƙundumbalar da suka ƙware wajen faɗowa daga bene, duk suna neman abin yi. A wannan shekarar Sergio Leone ya yi A Fistful of Dollars da kuɗin da bai wuce dala 200,000 ba. Manyan taurarin Amurka sun fi ƙarfin aljihunsa, sai ya ɗauko wani ɗan wasan talabijin mai suna Clint Eastwood a kan dala 15,000. Don kada 'yan kallo su gane kayan gida ne, Leone ya sa wa kansa suna Bob Robertson, mai tsara masa kiɗa Ennio Morricone ya zama Dan Savio. Tun daga rubutun sunaye ke nan an fara wasan ɓad-da-kama.

Labarin ma aro ne, daga Yojimbo na Akira Kurosawa da ya fito a 1961. Kamfanin Toho na Japan ya kai ƙara, aka sasanta a kan kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da fim ɗin ya samu tare da haƙƙin nuna shi a wasu ƙasashen Asiya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne hujjar da ɓangaren Leone ya kawo: wai asalin labarin baƙon da ke yi wa gidaje biyu masu gaba aiki yana cin kuɗin kowa, yana cikin wasan kwaikwayon barkwancin da Carlo Goldoni ya rubuta a ƙarni na 18, na bara mai iyayen gida biyu. Ko da dabarar kauce wa biyan diyya ce, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Jarumin kaboyin Amurka na da mutumin kirki ne, mai kare marayu da mata, mai tsabtar riga. Na Italiya kuwa ɗan wayo ne, mai ƙasumba da ƙura, kuɗi ne alƙiblarsa. Duk wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kuma inda duk aka ce Gizo ne jarumi, an san dariya ba ta nisa.

Duba yadda kisan farko yake a A Fistful of Dollars. Baƙon ya wuce ta gaban mai ƙera akwatin gawa ya ce a tanadar masa uku. Ya je ya tsaya gaban 'yan ta'addan da suka tsorata alfadarinsa, fuska a murtuke, ya nemi su ba dabbar haƙuri domin ranta ya ɓaci. Kafin ƙiftawar ido mutum huɗu na ƙasa. A hanyar dawowa ya gyara wa mai akwati lissafi. Wannan ginin almara ce sak: shimfiɗa, jinkiri, sannan a saki. A kaboyin Leone na biyu, na 1965, Eastwood da Lee Van Cleef sun gwada juna ta hanyar harbin hular juna cikin dare kamar yara masu wasan langa, a ƙarshe kuma jarumin na loda gawarwaki a amalanke yana ƙirga su da farashin kan kowa, lissafi ya ƙi cika, sai ya juya ya harbe ragowar ɗayan da ke laɓe. A na uku, The Good, the Bad and the Ugly na 1966, Eli Wallach a matsayin Tuco ɗan barkwanci ne ƙarara. Sana'arsa da abokinsa ita ce a miƙa shi ga hukuma a karɓi lada, idan an zo rataye shi abokin ya tsinke igiyar da harsashi, su gudu su raba kuɗi, su nufi gari na gaba.

Sai batun sauti, wanda nake ganin an fi raina shi alhali ya fi komai tasiri. Italiyawa a wancan lokaci ba sa naɗar murya a wurin ɗaukar fim. Ba'amurke ya yi Turancinsa, ɗan Sifaniya ya amsa da Sifaniyanci, Bajamushe ya sa baki da Jamusanci, daga baya a shiga situdiyo a ɗora murya da harshen kowace kasuwa. Wannan ya haifar da abu biyu. Tunda magana ba abin dogaro ba ce, an rage ta, aka mayar da nauyin labari kan fuska, ido da motsin hannu, kamar zamanin finafinan bebaye. Eastwood da kansa ya riƙa zubar da layukan da aka rubuta masa. Na biyu kuma, tunda duk ƙarar da za ka ji ƙirƙirarta za a yi, babu dalilin da zai sa ta yi kama da ta gaske. Ƙarar libarba ta koma kamar ta igwa, harsashi ya daki dutse ya yi kuka mai tsawo, takun takalmi ya cika kunne. Morricone ya zo ya ƙara nasa: fito da baki, wanda Alessandro Alessandroni ke yi, ƙarar bulala, ƙararrawa, ihun maza mai kwaikwayon kukan karen daji. Ba shi da kuɗin hayar babbar ƙungiyar makaɗa irin ta Hollywood, sai ya mai da rashin ya zama tambari.

Kyamarar ma ta tsimi ce. Tsarin Techniscope da suka yi amfani da shi yana cin rabin faifan da aka saba ci, kuma yana ba da damar a matso da fuska har idanu biyu su cika bango, a kuma nuna na kusa da na nesa duk tar a lokaci guda. Da wannan Leone ya gano cewa jira ya fi harbi daɗi. Karawar ƙarshe ta mutum uku a The Good, the Bad and the Ugly, a maƙabartar Sad Hill, wadda sojojin Sifaniya suka gina masa kusa da Burgos, mintuna ake kwashewa ana kallon ido, yatsa, ido, kube, ido, harbin kansa kuwa daƙiƙa ɗaya ne. A Once Upon a Time in the West na 1968 ya kai abin maƙura: 'yan bindiga uku na jiran jirgin ƙasa na kimanin minti goma, ɗaya yana fama da ƙuda har ya kulle shi a bakin bindigarsa, ɗaya ruwa na ɗiga masa a hula. Tsakanin wannan da wasan ban dariya zare ne siriri. Ka ƙara jan sa kaɗan, ya tsinke.

Su wa ake yi wa duk wannan? Masanin finafinan Italiya Christopher Wagstaff ya yi bayanin da ya warware min abubuwa da yawa. A wancan lokaci gidajen silima a Italiya aji uku ne, kuma mafi yawan finafinan kaboyi a aji na uku suke cin abincinsu, wato ƙananan silimu masu arha na unguwannin ma'aikata da garuruwan karkara, musamman a kudu. Masu zuwa can yawanci maza ne da ke zuwa kusan kullum, ba don wani fim na musamman ba. Su shigo a tsakiya, su yi ta hira da shan taba, sai an ji kiɗa ya canza ko bindiga ta tashi a juyo a kalli bango. Wanda ya taɓa zama a silimar da ba ta da rufi, inda ake yi wa bos ihu ana yi wa jarumi tafi, ya san irin wannan zama. Mai yin fim don irin wannan taro ba ya wahalar da kansa wajen ƙulla labari mai zurfi. Abin da yake bukata shi ne duk bayan 'yan mintuna ya jefo abin da zai katse hira.

Nan ne gasa ta shigo. A masana'antar Italiya ta wancan lokaci, da zarar fim ɗaya ya ci kasuwa sai kowa ya rufa a kansa har sai an tatse shi, abin da suke kira filone, kamar jijiyar zinariya da ake bi ana haƙa. Bayan Django an yi finafinai sama da 30 masu ɗauke da sunan, galibinsu babu abin da ya haɗa su da na asalin. To idan jaruminka ya kashe huɗu, na maƙwabcinka ya kashe arba'in da mashinga daga akwatin gawa, kai me za ka yi? Sai aka koma makaman asiri. Sartana, wanda Gianni Garko ya fara fitowa a matsayinsa a 1968, yana shiga kamar mai rufa-ido, da 'yar ƙaramar bindiga mai baki huɗu da kati a hannu. A wani fim ɗinsa na 1970 ya zauna a tsakiyar titi yana kaɗa molon coci mai bututu, ashe bututun igwa ne da mashinga. A Sabata na 1969 akwai mai garayar Turawa da ya ɓoye bindiga a cikin kayan kiɗansa, da wani ɗan alkafura da ke tsalle daga rufi zuwa rufi kamar ba shi da ƙashi. A wannan matakin babu mai tsoron jarumi zai mutu. Tambayar da ta rage ita ce da wace sabuwar dabara zai yi kisan, kuma wannan tambaya ce ta mai jiran a ba shi dariya. Masu kwaikwayon shaƙiyanci ma ba su jira ba, domin Franco Franchi da Ciccio Ingrassia tun tsakiyar shekarun 1960 suke fitar da nasu na tsokana, suna murɗa sunayen finafinan Leone.

Mutumin da ya riƙe kyamara a Django sunansa Enzo Barboni. Shi ne ya ɗauki taɓon nan, da kunnen nan, da gawarwakin nan. Shekara huɗu bayan haka, da sunan aro E.B. Clucher, ya ba da umarnin They Call Me Trinity. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa barkwancin ɗan gida ne.

Taurarin fim ɗin biyu su ma ba baƙi ba ne. Terence Hill, wanda sunansa na yanka Mario Girotti, an ɗauke shi a farko ne saboda kamarsa da Franco Nero, jarumin Django na asali, har ya taɓa fitowa a matsayin Django a 1968. Bud Spencer kuwa, wato Carlo Pedersoli ɗan birnin Naples, zakaran ninƙaya ne kafin ya yi ƙiba: shi ne Ba'italiye na farko da ya yi mita 100 cikin ƙasa da minti ɗaya, a 1950, ya kuma je gasar Olamfik ta 1952 da ta 1956. An fara haɗa su a matsayin taurari a wani kaboyi mai zafi na Giuseppe Colizzi a 1967, kuma Hill ya samu gurbin ne saboda wanda aka ɗauka da farko ya karye a ƙafa.

Buɗewar Trinity amsa ce ga buɗewar Django. Can mutum ne ke jan akwati, nan doki ne ke jan mutum, wato Trinity (Terence Hill), yana kwance a kan wani gadon kara da aka ɗaura wa dokin, yana sharar barci, jiki duk dauɗa, riga a yage. Ya isa wata rumfar abinci, aka kawo kaskon wake don a zuba masa kaɗan, ya karɓe kaskon gaba ɗaya, ya cinye da cokalin katako, ya suɗe da burodi, ya yi gyatsa. Daga wannan kaskon ne Italiyawa suka samo wa sabon salon suna, kaboyin wake. Har yanzu shi ne mafi saurin hannu a duk yankin, yana iya harbin mutum ta bayansa ba tare da ya waiwaya ba, amma lalaci ya hana shi amfani da baiwar. Yayansa Bambino (Bud Spencer) ɓarawon dawaki ne da ya saci mukamin ɗan doka, ba abin da yake so illa a ƙyale shi. Suka tsinci kansu suna kare wasu manoma mabiya ɗariƙar Momon waɗanda addininsu ya hana su faɗa. Da aka zo karon ƙarshe, inda kowane kaboyi ke tara gawa, sai aka ajiye bindigogi aka kaure da dambe. Trinity ya so ya zauna ya auri 'yan mata biyu daga cikinsu, amma da ya ji zaman na nufin noma da gumi kullum, sai ya sulale ya bi yayansa.

Damben nasu yana da ƙa'ida, kuma kayan aikin duk na tsohon kaboyi ne aka juya. Ƙarar da ake ƙara wa bindiga ita aka mayar kan mari, har ya riƙa tashi kamar an fasa faranti. 'Yan ƙundumbalar da suka saba faɗowa matattu yanzu suna faɗowa a kan teburi su tashi su dawo a sake ba su, kuma fuskokinsu kusan ɗaya ne daga fim zuwa fim. Hill shi ne mai zulliya da tsalle, yana dukan mutum yana murmushi. Spencer ba ya ko kaucewa: a fasa masa kujera a baya, ya juyo a hankali da fuskar wanda aka tasa daga barci, ya dunƙule hannu ya sauke shi a tsakar kan mutum kamar mai kafa turke. Babu jini, babu wanda ke mutuwa. A Trinity na biyu, na 1971, akwai wurin da Trinity ke zare bindiga ya nuna wa wani ɗan caca, ya mayar kube, ya sharara masa mari, ya sake zarewa, ya sake mari, duk kafin mutumin ya motsa, an kuma ƙara wa hoton gudu don abin ya fi ƙarfin ido. Saurin hannun da aka shekara shida ana bauta wa ne aka mai da shi abin wasa.

Kasuwa ta amsa. Fim na biyun ya sayar da tikiti sama da miliyan 14 a Italiya kaɗai. Dalilin a fili yake: Django na manya ne zalla, Trinity kuwa uba zai iya zuwa da matarsa da 'ya'yansa. Nan take masu rarraba finafinai suka kwaso tsofaffin finafinan Hill da Spencer na gaske suka sake musu suna da Trinity. A Jamus abin ya wuce haka, inda aka yanke wuraren zubar da jini daga wasu, aka sake ɗora musu murya da zantukan shaƙiyanci, salon da Rainer Brandt ya yi suna a kai. Fim ɗin da aka yi shi don a tsorata mutane ya koma na dariya, hoton bai canza ba sai abin da aka rage. Mai kallon fassarar finafinan Indiya da Hausa ya san yadda mai ɗora murya ke iya sauya wa fage ma'ana da kalma biyu. Amma a lura, da a ce babu dariyar a cikin hoton tun asali, murya kaɗai ba za ta iya fito da ita ba. (Masu son Indiya kuma su sake kallon Sholay na 1975, za su ga hannun Leone a kisan iyalan Thakur, su ga kuma yadda aka cakuɗa ta'asar Gabbar da barkwanci ba tare da kowa ya ce an lalata fim ba.)

Inda masu sukar ke da gaskiya shi ne abin da ya biyo baya. Jijiyar wake ma an bi ta an tatse, da ɗimbin masu kwaikwayo, siriri ɗaya da ƙato ɗaya, waɗanda ba su da ko rabin jinin haɗuwar na asalin. Aka gwada gauraya kaboyi da kamfu, har Lee Van Cleef ya fito tare da Lo Lieh na Hong Kong a 1974. Franco Nero da kansa, Django guda, ya fito a 1975 yana yaƙi da albasa. Yawancinsu ba sa kalluwa yau. Sai dai a lokacin da Trinity ya fito ramin ya riga ya kusa ƙarewa, abin da ya yi shi ne ya ƙara wa sana'ar 'yan shekaru.

Leone bai ji daɗin ganin abin da aka mayar da gonarsa ba, amma ɗan kasuwa ne. A 1973 ya kawo dabarar My Name Is Nobody, Tonino Valerii ya ba da umarni, aka haɗa Henry Fonda, fuskar tsohon kaboyin Amurka, da Terence Hill a cikin tsummansa na Trinity. Fonda tsohon ɗan bindiga ne da idonsa ya fara rauni, burinsa ya hau jirgin ruwa ya tafi Turai ya huta. Yaron kuwa ya nace sai gwaninsa ya shiga tarihi ta hanyar tsayawa shi kaɗai gaban mahaya 150. Ya tsaya ɗin, ya kuma yi nasara, domin jakunkunan sirdinsu cike suke da nakiya, ƙyallin ƙarfen jikinsu a rana ya nuna masa inda zai harba. Daga nan suka shirya karawar ƙarya a titin New Orleans, tsohon ya yi kamar ya mutu, ya shige jirginsa.

A farkon fim ɗin, Fonda ya zauna a kujerar wanzamin bogi da aka turo ya yanka shi, ya kare kansa ta hanyar dafa wa mutumin bakin bindiga a jiki har aka gama aski. A ƙarshe Hill ne a kujerar, wani wanzamin bogin na wasa aska a kansa. Shi ma ya dafa masa wani abu ta baya, mutumin ya sandare. Da kyamara ta sauko, yatsa ne.